'Yan Amshi da Masu Ƙananan Ganguna: Mutanen da ke Bayan Makaɗi a Ƙasar Zamfara

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san ba a rasa jin muryar Narambaɗa, ko ta Ɗanƙwairo, ko ta Sa'idu Faru, a bakin kasuwa ko a tashar mota ko a zauren wani dattijo, da can a akwatin rediyo, yau kuwa a wayar hannu. In ka tambayi mutum a ƙauye kamar Dareta wane ne ke waƙar nan, da wuya ya kasa faɗa maka. Amma in ka ƙara tambaya, ka ce to, su wane ne waɗannan da ke karɓa masa, wa kuma ke riƙe da kiɗan nan da bai goce ba tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, sai ka ga har dattijon ya yi shiru, ko ya ce, “Ai yaransa ne.”

Waɗannan “yara” su ne abin da wannan takarda za ta yi magana a kai. Da yawansu sun yi furfura a bayan ubangidansu, waɗansu ma sun girme shi. Nufinmu shi ne mu bayyana irin aikin da suke yi, da yadda sukan shiga ƙungiya su fita alhali sunan ƙungiyar bai sake ba, da dalilin da ya sa sunayensu ke ɓacewa.

Harshen Hausa kansa ya nuna yadda aka ɗauke su. In an ce wane “ɗan amshin Shata” ne, ana nufin ba shi da ra'ayin kansa, abin da babba ya faɗa shi yake maimaitawa. In an ce “ɗan kanzagi”, ana nufin mai tusa kai cikin sha'anin da ba nasa ba, yana taya wani ɗaukar zafi. Kanzagi kuwa, ko kazagi, wata 'yar ganga ce da ake kaɗawa a bayan babbar ganga. Watau sunayen ayyuka biyu na sana'ar kiɗa sun zama kalmomin raini a bakin jama'a. Za mu ga ko aikin ya cancanci rainin.

2. Yadda ake jera ganguna

Bari mu fara da kiɗan noma, gama shi ne mafi kusa da mutanen ƙauyukan yammacin Zamfara, waɗanda galibinsu manoma ne. Sa'ad da aka kira gayya, makaɗi yakan zo da gangar noma, babba ce mai fuska biyu, a rataye a kafaɗa. Da ita yake kaɗa wa kowane ƙato takensa, ya zuga wannan, ya tsokani wancan. Tun da yake gangarsa magana take yi, ba ta tsayawa a kan bugu ɗaya: ta yi sauri, ta ja, ta yi shiru ɗan lokaci sa'ad da yake kirari da baki. To, manoma kuwa sun jeru a kan kunya, kuma fartanya ba ta sauka daidai sai da bugun da ba ya yankewa. Mai kazagi ne ke ba su wannan. Yana tsaye a gefen makaɗi da 'yar gangarsa, yana kaɗa ta da makaɗai biyu, yana maimaita bugu iri ɗaya tun hantsi har a tashi. In ya gaji ya sassauta, sahun manoma ya watse, kuma mai babbar ganga ba shi da wurin da zai komo ya dira in ya gama zagayensa.

Haka abin yake a kiɗan kalangu. Kalangu yana da siririn ƙugu da fata a kowane baki, an haɗa fatun biyu da tsirkiyoyi. Makaɗi yakan saƙale shi a hammata, in ya matse tsirkiya amo ya hau, in ya saki ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da nata hawa ko sauka ko faɗuwa, da wannan matsi da saki ne kalangu ke kwaikwayon magana har mai ji ya gane take. Amma hawa da sauka ba su ganuwa sai da abin da ke tsaye wuri ɗaya wanda za a gwada su da shi. Saboda haka ake haɗa kalangu da ɗan karɓi, wanda aka ɗaure tsirkiyoyinsa tamau don amonsa ya tsaya a mataki ɗaya, da kuntukuru, wanda waɗansu ke kira kurkutu, 'yar ganga mai fuska ɗaya. Su ne ma'auni. Jauje ma yana da nasa ƙaramin da ke bin sa, watau kolo, mai goge da mai kukuma kuwa suna da masu ƙwarya. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun jera irin waɗannan kayan kiɗa da sunayensu a ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka fitar a 1971, kuma mai duba shi zai lura cewa ganguna da yawa ba a ambatarsu sai tare da 'yan rakiyarsu.

Kiɗan fada ya ɗan bambanta. Kotso da taushi da hannu ake kaɗa su, fuska ɗaya gare su, kuma ana liƙa wa tsakiyar fatar wani danƙo da ake kira nake, don amon ya yi kauri ya zauna. A irin wannan ƙungiya, masu kiɗan su ne kuma masu amshi. Mutum yana kaɗa kotso da hannu biyu, yana sauraron jagora da kunne, yana jiran inda zai shiga da murya. Wanda bai taɓa gwada haɗa waɗannan ayyuka a lokaci ɗaya ba, ba zai san nauyinsu ba.

3. Aikin ɗan amshi

A nan ne ya kamata mu rarrabe tsakanin amshi da amshi, domin karin maganar nan ta “ɗan amshin Shata” ta sa mutane sun ɗauka duk amshi iri ɗaya ne. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, yakan ƙirƙiri ɗiyan waƙarsa nan take a gaban jama'a. Tun da yake ba wanda ya san abin da zai faɗa, 'yan amshinsa ba su da abin yi sai su riƙe gindin waƙa, su maimaita shi duk sa'ad da ya dire. Masu kalangu dabam suke, masu amshi dabam. Ko a nan ma aikin ba wasa ba ne, gama lokacin da suke maimaita gindi shi ne lokacin da jagora ke numfasawa ya shirya ɗan da zai biyo. In suka makara, ko suka riga shi, sun tsinke masa tunani.

Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara ba haka suke yi ba. Su a gida ake shirya waƙa, a zauna a yi ta bita har kowa ya haddace, kafin a kai ta ƙofar fada. Saboda haka 'yan amshi sun san waƙar kamar yadda jagora ya san ta. Yakan fara layi ya bar musu su ƙarasa, ko ya faɗi ɗa su karɓe shi gaba ɗaya su maimaita, ko su tarbe shi tun bai kai ƙarshe ba, ko su yi ta miƙa wa juna magana shi da su har a iso gindi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara wa waɗannan hanyoyi sunaye a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, kamar ƙari da karɓi da tarbe da rakiya, kuma ɗalibai na amfani da su. Mai karatu ya saurari kowace waƙa ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya riƙa lura da wanda ke furta kowane layi. Zai tarar cewa da yawa daga cikin maganganun da ake ɗauko wa a ce “in ji Narambaɗa”, a faifan daga bakin 'yan amshi suka fito.

Wannan ya jawo wata tambaya mai nauyi ga manazarci. In a zaure aka shirya waƙa, mutum biyar ko shida suna zaune, wannan ya kawo kalma, wancan ya gyara ta don ta hau kiɗa, to wa ya yi waƙar? Al'ada ta ba jagora, kuma tana da hujja, domin shi ke kawo gindi, shi ke yanke abin da zai shiga da abin da za a zubar, shi kuma zai sha fushin sarki in zambo ya wuce wuri. Amma manazarcin da ya ce zai auna salon mawaƙi, ya ce ga yadda yake a ƙuruciya ga yadda ya koma da tsufa, lalle ne ya tambaya ko mutanen da ke bayansa a lokutan biyu su ne dai ba su sake ba. Sau da yawa abin da ake cewa salon makaɗi ya sauya, mai yiwuwa ne wani gwanin amshi ne ya rasu ko ya tashi.

Akwai kuma sanƙira, wanda ba ya kiɗa ba ya amshi. Shi ke shelar kyauta, ya faɗi wanda ya bayar da abin da ya bayar, ya fassara wa jama'a abin da waƙa ta dunƙule, ya tuna wa jagora sunan wani babba da ke zaune ba a ambace shi ba. Ƙungiyar da ba ta da sanƙira mai wayo takan tashi daga wurin biki da ƙaramin rabo.

4. Misali daga gidan su Ɗanƙwairo

Ba mu da misalin da ya fi na Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun nuna yadda ƙungiya ke daɗewa mutanenta na sauyawa. An haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma tun Musa yana ƙarami yake bin sa gona yana amshi. Sunan da duniya ta san shi da shi ma ba nasa ba ne. Mahaifin yana da wani bara mai zaƙin murya ana ce da shi Ɗanƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa sunan. Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Sunan da ya cika gidajen rediyo na Nijeriya da Nijar asalinsa na wani ɗan amshi ne, kuma duk inda aka ba da labarin mutumin nan, iyakar abin da ake faɗa a kansa shi ne muryarsa ta yi zaƙi.

Bayan Ɗankwanda, jagorancin gidan ya koma hannun wan Musa, watau Abdu Kurna, shi kuwa Musa ya zama Daudun kiɗi, ma'ana na biyu a ƙungiya. Makaɗa sukan kwaikwayi tsarin fada, su ba manyan yaransu sarautu irin su Daudu da Ɗangaladima da Marafa, kuma sarautar tana nuna matsayin mutum wajen tsayuwa da wajen rabo. Ɗanƙwairo ya daɗe a wannan matsayi kafin ya ja tasa ƙungiya. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa har zuwa rasuwarsa a watan Janairu na 1966, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar da sarakuna da dama, kuma a ƙarshen rayuwarsa 'ya'yansa na cikin masu yi masa amshi. Ya rasu a 1991.

Ashe ke nan cikin gida ɗaya an yi jagora uku a jere, kiɗan ya tashi daga gangar noma ya koma kotso, masu amshi sun tashi daga barori da 'yan'uwa sun koma 'ya'ya. Kuma wanda ya fi kowa shahara a gidan ya shafe ƙuruciyarsa yana ɗan amshi. Haka Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, ya tashi a bayan mahaifinsa kafin ya ja gaba, haka kuma Sani ɗan Aliyu Ɗandawo ya ci gaba da kiɗan gidansu a Yawuri. Sahun baya shi ne makarantar sana'ar. A nan ake koyon take da kirari da asalin gidajen sarauta, a nan ake koyon lokacin da ya kamata a yi shiru. Wanda Allah ya ba jagoranci ya fito a san shi, sauran kuwa su tsufa a inda suke, ko da iliminsu bai gaza nasa ba.

5. Abin da ke sa mutane su sauya

Dalili na farko mutuwa ce da tsufa, gama murya tana dushewa, hannu yana sanyi. Na biyu sallama: in babban yaro ya ƙware, ubangida mai adalci yakan sallame shi ya kafa tasa ƙungiya, shi kuwa yakan tafi da mutum ɗaya ko biyu. Na uku rabo. Kyautar da aka yi a wurin wasa da sunan jagora ake yin ta. Doki da babbar riga, daga baya kuma mota da kujerar Makka, nasa ne, sai abin da ya ga dama ya miƙa. Kuɗi ake rabawa bisa ga matsayi, mai kuntukuru kuwa yana can ƙarshen layi. Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ba ƙungiyar da ba ta taɓa jin wannan magana daga bakin wani yaronta ba. Na huɗu tuba: mutum ya je aikin haji ko ya manyanta, ya ga ya isa, ya rataye ganga ya koma gona.

Bayan waɗannan akwai sauyin zamani. Ƙasar da muke magana a kanta ƙasar sarauta ce tun da daɗewa. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka, ga kuma Sarkin Mafara a Gummi da Sarkin Danko a Bukkuyum. Muddin sarki na da ikon baitulmali da gandu, yana iya ciyar da makaɗi da dukan jama'arsa. Da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sai hannun sarakuna ya gajarta, makaɗan fada suka shiga bin attajirai da 'yan siyasa. Jagora yana iya rayuwa a haka domin sunansa ake nema, amma riƙe mutum takwas ko goma shekara da shekaru ya yi wuya. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, kiɗan bukukuwa ya ja baya a wurare da yawa. A shekarun nan ne kuma fiyano ya bazu daga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, inda yaro ɗaya da na'ura ke fitar da amon kalangu da na kuntukuru gaba ɗaya. Na'urar ba ta kori mawaƙi ba, masu ƙananan ganguna ta fara kora.

A ƙauyuka kuwa, haƙar zinariya ta ja samari da yawa daga gona. Sunan Dareta ya fita duniya a 2010, sa'ad da aka gano gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga baya rashin tsaro ya hana noma a gonaki masu nisa, ya tashi garuruwa. Inda ba a gayya ba a kiran gangar noma, inda ba a kiran gangar noma kuwa yaro ba shi da wurin da zai koyi kazagi.

6. Misali daga ƙetare

Kada mai karatu ya zaci wannan hali na Hausawa ne kaɗai. A Amurka akwai wani kiɗa na baƙaƙen fata da ake kira fonk, wanda ƙarfinsa duka yana kan ganga da wata babbar jita mai tsirkiya huɗu mai kaurin amo, wadda ake kira bes. Aikin mai bes ya yi kama da na mai kazagi, watau ya riƙe bugu yana maimaitawa don sauran su sami abin takawa. James Brown, wanda ya fi kowa suna a wannan kiɗa, ya yi shekara wajen hamsin yana jan ƙungiya, masu bes suna shiga suna fita. A watan Maris na 1970 yawancin makaɗansa suka juya masa baya a kan maganar kuɗi, ya ɗauko waɗansu samari suka maye gurbinsu, cikinsu har da Bootsy Collins, yana ɗan shekara 18. Da su ya zo Legas a ƙarshen shekarar. Collins ya yi wajen shekara guda ya tashi, ya je ya yi suna da kansa. Bernard Odum, wanda ya riƙe bes fiye da shekara goma kafin wannan, da Fred Thomas, wanda ya shigo a 1971 ya yi fiye da shekara talatin, sai masu bin diddigi ne suka san su. Wanda ya fita ya ja gaba shi aka sani, waɗanda suka zauna suka riƙe kiɗan an manta da su, daidai da abin da muka gani a Maradun.

Haka James Jamerson ya kaɗa bes a waƙoƙi masu ɗimbin yawa na kamfanin Motown ba a rubuta sunansa a faifai ba sai a 1971. A nan gida ma, bayan wasan da Fela ya yi a Barlin ta Jamus a 1978, da yawa daga cikin makaɗansa sun rabu da shi a kan rabo, har da Tony Allen, babban mai gangarsa. Bambancin da ke akwai shi ne, a can kamfanoni sun ajiye takardun da ke nuna wanda ya halarci kowane ɗauka, saboda haka da masu bincike suka tashi neman sunayen sun same su.

7. Abin da ya rage a yi

Mu ba mu da irin waɗannan takardu. Faifan garmaho da kaset sunan jagora kaɗai suke ɗauke da shi, in an yi karamci a ƙara “da jama'arsa”. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya adana muryoyi masu yawa, amma mai gabatarwa jagora yake ambata. Manazarta ma sun bi wannan hanya, domin nazarin waƙar baka ya taso ne daga nazarin adabi, inda aka saba da marubuci ɗaya ga kowane littafi. Kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kan Shata yake, littafin tarihin da Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar a 2006 shi ma a kan Shata yake, kuma kundayen ɗalibai galibi suna bin tsarin “rayuwa da waƙoƙin wane”. Ayyuka ne masu amfani ƙwarai, sai dai ɗan amshi yakan shigo cikin irinsu a matsayin mai ba da labarin ubangidansa, ba a cika tambayarsa nasa labarin ba.

Hanyoyin gano sunayen ba su toshe ba tukuna. Ta farko ita ce waƙoƙin kansu, gama jagora yakan kira yaransa da suna ko da sarauta a tsakiyar waƙa, ya ce wane ya gyara kiɗa, ko ya tsokane shi. Ɗalibin da ya bi waƙoƙin makaɗi ɗaya ya tsamo waɗannan kiraye-kiraye, ya jera su bisa ga zamanin sarakunan da aka yi wa waƙoƙin, zai iya gane wanda ya shigo da wanda ya fita. Ta biyu ita ce tsofaffin 'yan amshi da 'ya'yansu da ke raye a Maradun da Isa da Talatar Mafara, da makaɗan ƙauye na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda da yawansu rashin tsaro ya tara su a manyan garuruwa. In an je wurinsu, a tambayi kowane mutum sunansa da na mahaifinsa da garinsu, wace ganga ya riƙe, a hannun wa ya koya, zamanin wane sarki ya shiga, me ya fitar da shi. A roƙe shi ya kaɗa nasa bugun shi kaɗai a ɗauka, domin a faifai amon ƙananan ganguna yakan nutse a ƙarƙashin murya. Sa'an nan duk wanda zai rubuta waƙar fada a takarda ya riƙa nuna layin da jagora ya faɗa da wanda 'yan amshi suka faɗa, kamar yadda Gusau da ɗalibansa suke yi, kuma in an san sunayen masu amshin a rubuta su a kan waƙar tare da na jagora.

Aikin yana bukatar hanzari, domin mutanen da suka tsaya a bayan Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suna samari, waɗanda ke da rai a cikinsu yau dattawa ne.